Mahauci da Ƙodarsa

Shekara ashirin da uku a mayankar Oko-Oba
ina zare hanji kamar mai warware igiyar guga,
in ɓare ƙoda daga cikin kitsenta,
in jefa a sikeli, in ce wa mai saye ƙaro ɗari biyu.
Ban taɓa tambayar me take yi wa sa ba
kafin wuƙata ta iso.

Sai ga ranar da nawa hanjin ya ƙulle.
Tanimu ya cusa ni a danfo, ruwa na dukan Agege,
cunkoso ya riƙe mu a kan gada
har na haddace lambar motar gabanmu.
A Ikeja suka yanka ni, ni mai yanka,
suka cire kamu guda, suka ɗinke.
Ɗinkin ya yi kyau. Mai sana'a ne ya faɗa.

Ranar ce kuma aka yi wa Iya Ronke,
mai sarin ganda a wurina tun ina yaron shago.
Ciwo iri ɗaya, likita ɗaya,
bango kaɗai ya raba gadajenmu.
Ta girme ni da shekara tara.
Na ce a raina, Allah sarki tsohuwa.

Kwana biyu, sai jakar roba a gefen gado
ta zama abin da kowa ke gaisarwa kafin ni.
Nas ta ɗaga ta wajen fitila
kamar mai duba manja ko an yi masa haɗi.
Fitsarin da nake zubarwa a bayan rumfa ba ko waiwaye
yau ana auna shi, ana rubuta shi da biro.
Bai kai rabin kofi ba,
launin shayin da ya kwana.
Ƙafafuna suka cika kamar an hura salka.

Ta bayan bango ina jin Iya Ronke
tana faɗa da jikarta kan an cika gishiri a koko.

Na ce, likita, ina ruwan ƙoda?
Hanji kuka taɓa.
Dokta Morenike ta ja kujera, da Hausarta ta Zariya:
Barau, gida ɗaya ne, rijiya ɗaya.
In jini ya ja baya, in ruwa ya yi ƙasa,
ita ce ke fara jin ƙishi, kuma ba ta kuka.
A littafin ɗakin nan na fi ganin sunan maza.
Wasu sun ce halittar mace na yi mata garkuwa,
wasu sun ce ku ne ke zuwa a makare,
da hawan jini a aljihu, da maganin ciwon jiki kamar gyaɗa.
Ban gama sani ba. Mata ma tana kama su.
Shi ya sa nake duba jakar kowa.

Na yi shiru.
Ni da ke saɓa cinyar sa a kafaɗa ɗaya.

Dare na biyar, wajen kiran assalatu,
janareto ya ɗauke, ya dawo,
na ji ɗumi yana bin siririn tiyo,
ɗigo, ɗigo, sannan zuba.
Ban taɓa yin hamdala a kan irin wannan ba.
Nas ta yi dariya, ta rubuta.

Yanzu na koma rumfa, da ledar ruwa a gefen sikeli.
Iya Ronke ta zo jiya, ta riga ni warkewa da mako uku,
ta ce, maigida, yaya ƙarfin maza?
Na ƙara mata ganda biyu don ta yi shiru.

Da na zo kan ƙodar wani bajimi
sai hannuna ya tsaya.
'Yar ƙarama, ko tafin hannu ba ta cika ba sosai.
Mai saye yana ta ƙorafin rana.
Na ajiye ta a sikeli a hankali,
ban jefa ba.