Ajiya a Gajimare

Daren Talata na bar kwamfuta tana sabunta kanta.
Ta ce kada in kashe, ban kashe ba.
Ruwa na dukan kwanon rufi a tudun Barón,
ta jefo mini wata tambaya da ƙananan haruffa,
tabarauna na can ɗakin girki kusa da albasa.
Na danna "to", na je na kwanta.

Da safe fuskarta fes,
kamar ɗakin da baƙo ya share ba a sa shi ba.
Babu foldar haraji, babu ta hotunan jikoki,
babu wadda na raɗa wa suna Nibaldo,
inda rasiɗan man kwalekwale suke, na shekara goma sha ɗaya,
da muryarsa, minti huɗu,
yana tari, yana kiran kare, yana zagin farashin kifi.

Da na tona sai ga sunayen a jere,
kowanne da ɗan gajimare a gefensa,
suna ba jiki,
riguna a kan igiya, masu su sun yi tafiya.

Shekara sittin da takwas ina kallon gajimare
yana tasowa daga teku ya lulluɓe Valparaíso.
Ban taɓa ganin wanda ya ba shi ajiya ba.
Abin da ya ɗauka a nan, a kan wani gari yake zubarwa.

Yasna, 'yar maƙwabciyata,
mai yankan tikiti a keken da ke hawa tudu,
ta shigo da rigar aiki ta ce,
Doña Eulalia, ba ɓata suka yi ba, ƙaura aka yi musu.
Na ce, wa ya tambaye ni?
Ta ce, an tambaye ki.
Na yi shiru. Na ɗora ruwan shayi.

Kada ki goge komai, in ji ta,
abin da kika kashe a sama, a ƙasa ma ya mutu,
igiya ɗaya ta ɗaure su.
A fara saukewa, a kwafe a wani faifai,
sannan a tsinke igiyar.

Kwana uku suna saukowa,
intanet ɗin tudunmu da sanda yake tafiya.
Na zauna ina ƙirga su
yadda nake ƙirga kwalekwale a bakin ruwa da hantsi:
wannan ya iso, wancan ya iso.
Wasu sun dawo tagwaye, ɗaya da lamba a wutsiya.
Takardar asibiti ta zo. Hoton bikin Amaro ya zo sau uku.
Muryar ba ta cikinsu.

Ban faɗa wa kowa ba.
Na sake wanke kofunan da na riga na wanke.

Ran Asabar Yasna ta kutsa wani lungu na na'urar,
inda aka jibge tarkacen tsohon tsari,
sai na ji ta fashe da dariya.
Bai taɓa hawa ba, ta ce.
Sunansa ya yi tsawo, gajimare ya ƙi ɗauka.

Nibaldo bai iya gajeren suna ba.
Ga abin da ya rubuta, ko aya babu:
na Eulalia ranar da inji ya mutu a tsakiyar ruwa
na rantse ba zan ƙara fita da Baldomero ba
amma washegari na fita saboda shi ke da ƙugiya mai kyau,
da sauran layi biyu a kan yanayin iska.

Surutun nan da ya ishe ni shekara arba'in,
shi ya riƙe shi a gida.

Faifan yana cikin gwangwanin biskit yanzu,
tare da maɓallai da allura.
Kwamfuta ba ta daddara ba,
duk Litinin sai ta sake roƙo, cikin ladabi.
Na sa wa tabarau igiya. A wuyana yake kwana.