Ɗaki na Tara

Ƙarfe ɗaya na dare, tashar Kushiro ta yi tsit,
sai gurnanin ɗakunan sanyi goma sha huɗu
inda kifi ke kwance cikin ƙanƙara
yana jiran cinikin asuba.
Ni kaɗai a ofis, da shayin da ya huce,
da yatsa bisa maɓalli.

Tun bazara kamfani ya aiko takarda:
siga ta bakwai ta tsufa, a hau ta gaba.
Faɗa da baki ba wuya.
Manhajar nan ita ce maɗaurin tsintsiyar gidanmu,
ita ke sauraron ma'aunin sanyi,
ita ke duba sikeli, ta sa firinta buga lamba a kwali,
ita ke buɗe ƙofa ga mai kati.
In ka taɓa ta, ka taɓa kowa.

Sau uku na gwada a na'urar gwaji, lafiya lau.
Amma ɗakin gwaji bai san ƙarnin kifi ba.

Na danna.
Sikeli ya amsa sallama.
Firinta ta yi tari, ta amsa.
Ƙofofi suka amsa bi da bi.
Ɗaki na tara ya yi gum.
Tan arba'in na kifi a ciki,
allo kuwa ya nuna mini gurbi fari fat,
ba sanyi, ba zafi, ba ƙararrawa.

Wayar Tsuneo Abukawa ta yi ƙara sau bakwai.
Shekara shida da barinsa aiki.
"Nozomi? Wa ya mutu?"
Na ce, "Ba kowa, tukuna."

Ya yi dariyar da ta ƙare da tari.
"Akwatin nan mai ruwan toka a bayan bututu,
ni na haɗa shi kina firamare.
Ba ya ƙirga shekara irin ta kalandar waje,
da zamanin sarauta yake lissafi.
Tsohuwar ta san halinsa,
tana gyara masa zance ba tare da ta faɗa wa kowa ba.
Sabuwar ta ga kwanan wata,
ta ɗauka saƙon matattu ne, ta zubar."

"Me ya hana ka rubuta?"
"Na rubuta. Duba cikin murfi."

Na sa rigar sanyi biyu, na ɗauki tocila.
Numfashina ya daskare a gashin ido.
Na kankare ƙanƙara da kan makulli,
ga rubutunsa, ƙanana, a karkace:
wanda zai sauya uwar, ya fara tambayar ɗan.

Uku da minti ashirin na mayar da komai baya.
Tsohuwar ta farka kamar ba a taɓa korar ta ba,
ɗaki na tara ya buɗe baki:
talatin ƙasa da sifili.
Na zauna a ƙasa. Gwiwoyina sun ƙi ni.

A rahoto na rubuta layi biyu:
ba a fasa ba, an ɗaga.
Ana neman tafinta tsakanin akwati da baƙuwa,
da mako guda na zagaya gidan nan
ina buɗe kowane murfi.

A waje jirgin farko ya busa ƙaho.
Firinta ta fara aikinta,
ba ta san an yi komai ba.