Zagaye Biyu na Noti

Bayan la'asar, in na lulluɓe keken ɗinki,
sai in shimfiɗa buhun siminti a gindin dalbejiya
in shige ƙarƙashin motar da yayana Mutari ya bari.
Shekara uku tana tsakar gidanmu a Garin Malam,
kaji sun yi ƙwai sau biyu a kujerar baya
kafin in yi ƙarfin halin ɗaga bonet.

Ni tela ne. Zare na sani, da allura.
Amma wannan dodon-koɗin ƙarfe da ake ce wa turbo
ya hana ni barci.
Hayaƙin da inji ya tofar, shi ke juya fanka,
fankar ta ɗura masa sabuwar iska a baki.
Wato da abin da ya yar ake ciyar da shi.

Ran wata Talata na kama sandar ƙofar hayaƙi,
na ɗaure noti zagaye biyu.
Biyu tak.
Kamar yadda nake rage ƙugun wando.

A hanyar Mirya ta nuna mini abin da ta ɓoye.
Na taka totur, ta yi fito siriri,
kujera ta tura ni a baya,
duwatsu suka riƙa wucewa kamar ana jan su da igiya.
Na yi dariya ni kaɗai, har da buga sitiyari.
Ban kai gonakin farko ba na ji fuuu,
ƙarfi ya zube,
baƙin hayaƙi ya cika madubi,
wani mai amalanke ya wuce ni yana yi mini sannu.

Kwana tara ina zargin wanda bai yi laifi ba.
Na cire matatar iska na kaɗe ta a bango.
Na sa yatsa na girgiza fankar, ba ta rawa.
Na shinshina baƙin mai.
Na zagi gazuwal ɗin da na saya a kwalba.
Ruwan da Hadizatu ta saya wajen mai garuwa don tuwo
rabinsa ya tafi lagireto,
ba ta ce komai ba, ta dai ajiye tulun da ƙarfi.

Tsoho Barah ne ya leƙo ta katanga,
wanda ya yi shekara talatin yana jan babbar mota zuwa Agadas.
Bai taɓa sifana ba.
Ya ce, kawo ruwan sabulu da tsumma,
ka tada ta, ka rufe bakinka.
Ya bi tiyo yana shafawa kamar mai yi wa jariri wanka,
can ƙarƙashin maɗauri, inda ido ba ya kai,
kumfa ta tashi, ta fashe, ta sake tashi.
Tsagar ba ta kai tsawon farcena ba.

Jika uku na ba da a Kasuwar Dole
na karɓo tiyo na hannu mai warin wata motar.
Barah ya ce in mayar da noti inda na same shi.
Na mayar da zagaye ɗaya.
Ɗayan na riƙe, ban gaya masa ba,
ko da yake na san kunnensa ya ji.

Ya kuma ce kada in kashe ta da zafinta.
Don haka in na dawo gida da dare
nakan zauna, hannu a kan makulli,
fankar tana sassautawa, mai yana zaga ta,
fitilar gaba tana kan turmin Hadizatu.
Minti ɗaya ko biyu.
A nan Mutari yake zama shi ma, inji na ci,
mu kuwa muna ce masa ɓarnar mai yake yi.