Awa Ashirin

Awa ashirin aka yanka mini a mako,
yankan mahaucin da ya san ba ni da wata kasuwa.
Yana rubuce a bizata da ƙananan haruffa,
na haddace shi fiye da karatun da ya kawo ni Hull.

Litinin huɗu, Laraba shida,
sauran in ƙarasa ran Asabar a gidan tsofaffi,
inda nake juya Mista Aldous kada gado ya ci bayansa,
in ba Misis Threlfall shayi cokali-cokali.
Tana kirana da sunan ɗanta da ke Ostareliya,
ina amsawa.
Amsa suna ba ya cikin abin da aka hana.

Sabitha 'yar Kerala, bango ne tsakanin ɗakunanmu,
ta yi ashirin da uku a makon da aka ƙara kuɗin haya.
Uku kacal.
Ni na ja mata akwati zuwa tasha.
Ta bar mini tukunyar shinkafa
da rigar sanyin da hannunta bai kai mini ba.

Yau Asabar, tara saura kwata,
numfashin Misis Threlfall ya sauya,
yana ja, yana tsayawa, kamar mai tuna wani abu.
Ta kama wuyan hannuna, daidai kan agogo.
"Kada ka tafi, Colin."

Ruwa ake tun azahar, bas ta makarar da mai karɓata.
Manaja ta leƙo, ta dubi tsohuwa, ta dubi jadawali,
ta rage murya:
"Tara ta yi. In ka wuce, tara za a ci mu,
kai kuma ka san naka."

Na buga kati.
Na tuɓe rigar aiki, na rataye ta a ƙusa.
Na zagaya cikin ruwa ta ƙofar baƙi,
na buɗe littafin masu ziyara.
A gurbin dangantaka biro ya daɗe a tsaye,
sannan na rubuta: ɗa.

Ban sani ba ko zama ma aiki ne a lissafinsu.
Ban gyara matashi ba, ban taɓa cokali ba.
Na miƙa mata hannun da ta saki,
ta sake rufe agogon da tafinta.

Jibi ina da jarrabawa.
Littafin yana jaka, ya jiƙe.