Takalmin Tabawa

Kwana uku injin ban-ruwana yana tari
a fadamar Auyo,
ya yi tuf, tuf, ya yi tsit.
Tumatirina ya sunkuyar da kai
kamar wanda ake bi bashi ranar kasuwa.
Na kwance, na ɗaura, na sake kwancewa,
ban kira kowa ba.
Ni da ake tambaya a bakin masallaci,
a ce ƙarfe ya gagare ni?

Rana ta huɗu Nafi'u ya ratso gonar albasa,
ɗan makarantar koyon sana'a ta Haɗejiya,
littafi a hammata, farce fes, babu baƙin mai.
Ya buɗe shafi, ya nuna mini zane:
"Baba, iska ce ke shiga hanyar ruwa."
Na ce ta ina?
Ya sosa ƙeya. Nan ne littafin bai faɗa ba.

Tsoho Ilu, da idonsa ya yi hazo tun bara waccan,
ya ce a ja igiya ya ji.
Aka ja.
Ya karkata kai kamar kaza ta ji inuwar shirwa.
"Cikinsa lafiya lau.
A maƙogwaro yake shaƙewa, can wajen tiyo."
Bai san sunan wurin ba,
Nafi'u ya sani.

Muka buɗe, ga roba ta tsage,
'yar mitsitsiya kamar zoben yarinya.
Sabuwa sai birni,
kuɗin mota ya ninka kuɗinta goma.
Barau maƙeri ya juya ta a tafin hannu,
ya ce, "Da ƙarfe ce, da yanzu an gama."

Tabawa ta sauke ƙwaryar fura,
ta daɗe tana kallonmu,
maza huɗu a tsugune kan zobe ɗaya.
Sai ta tuɓe silifas ɗinta na hagu:
"Da irinsa na toshe bakin durom ɗina,
damina biyu bai ɗiga ba."

Na so in yi dariya. Ban samu abokin yi ba.

Nafi'u ya auna da zare,
Barau ya wasa wuƙa ya yanka,
Ilu ya shafa gefe da ɗan yatsa,
ya ce a rage nan, kaɗan, ya isa.
Ni na ja igiya.

Ruwa ya yi kaki, ya yi amai,
sannan ya miƙe a kwali yana gudu,
ƙasa tana sha har ana jin ta.

Nafi'u ya zauna kan buhu
yana rubutu a gefen shafin nan da ya yi shiru,
yau da baƙin mai a yatsunsa.
Tabawa ta koma gida, ƙafa ɗaya a ƙasa.

Da na ɗebi kwandon farko,
na rasa ƙofar wa zan fara kaiwa.
Sai na biya kasuwa tukuna,
na ce a ba ni silifas, lamba shida.