Kaurin Yatsa Ɗaya

Wanda ya gina gidan nan na Sheffield
ya mutu tun kakana bai san hannun damansa ba.
Duk wanda ya zauna ya shimfiɗa nasa ya tafi:
falo katako,
kicin tayil mai sanyi kamar gindin randa.

Inda suka haɗu akwai ɗan tudu,
kaurin yatsa ɗaya.
Shekara shida ina tsallake shi da shayi a hannu
ban san yana nan ba,
sai da Baba ya zo,
ƙafar hagu tana biye da shi a baya
kamar baƙuwar da ba ta san gari ba.

Ranar Talata silifarsa ta kama bakin tayil.
Daga bene na ji ƙarar.
Na same shi zaune a ƙasa yana dariya da rabin baki,
wai tuntuɓe gushin gaba.
Ni dai ban tanka ba. Na tsince fasassun kofi.

Dermot ya zo da safe, fensir a bayan kunne,
ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.
Ya ce ba a haɗa su baki da baki.
Katako yana numfashi:
a kunna hita ya tsuke, iska ta yi laima ya kumbura,
tayil kuwa ko a jikinsa.
Matse su, ɗaya zai tsage.
Sai a bar musu rata, a ɗora wani abu a kai.

Ya fito da ƙarfe mai sheƙi daga leda.
Baba ya girgiza kai.

Shekara arba'in yana birkila a Malumfashi,
ba ya jin Turanci,
Hausar ma yanzu da ƙyar take fita.
Ya dafa kujera, ya sauko a hankali,
ya shafa tudun da hannun da ya rage masa,
sannan ya kwantar da tafin a iska, ya karkata shi kaɗan.
Gangare.

Na buɗe baki zan fassara,
Dermot ya riga ya tafi mota.
Ya dawo da guntun katako,
ya fere, ya goge da sanfefa, ya miƙa.
Baba ya shafa, ya mayar.
Sau uku.
A na huɗu ya riƙe bai mayar ba.

Yanzu in na dawo daga aikin dare,
na cire takalma a ƙofa, ina jin sa kafin asuba:
shuuu a kan katako,
shuuu a kan tayil,
babu tsayawa a tsakani.
Sai butar lantarki ta fara huci.

Ratar tana nan a ƙarƙashi, na gan ta da idona.
Garin katako ma ban gama share shi ba,
jiya na ga wani a cikin hularsa.