Zaren Cikinta

Riyal dubu biyu ba ɗari.
Ukasha ya ƙirga su sau uku a kan teburin yankana,
kuɗin wankin mota na wata bakwai,
har yau da ƙanshin omo a jikinsu.

Jerin kayan a bayan takardar awo ya rubuta,
ƙarƙashin kafaɗa da tsawon hannun wani direba:
firosesa, madabod, ram, katin hoto,
sunaye kamar na magungunan asibiti.
Ni tela ne.
Shekara ashirin da shida ina taka keke a Karantina,
ban taɓa jin wasan da ake yi wa asusu ba.

Bayan isha'i muka nufi titin Khalid bin Walid,
Jidda na gumin teku, riga na manne wa baya.
A shagon Abdulƙawi ɗan Yaman
akwai wani akwati mai bangon gilashi,
fankokinsa na juyawa, ja, shuɗi, kore,
kamar motar ɗaukar amarya.
Yaron ya tsaya.
Na ga ya haɗiye yawu.

Ɗari huɗu, in ji mai shago, akwatin kawai.

Na ce, ɗana, wannan abin yana ƙara gudu?
Ya ce a'a.
Yana ƙara me?
Ya yi shiru, yana murza takardar.

Na ce to nuna mini zaren cikinta.
Yadi mai araha yakan kai shekara,
amma ruɓaɓɓen zare, ranar sallah yake tona asiri.
Ya yi tunani, ya ɗora yatsa
kan wani baƙin gwangwani mai wayoyi kamar hanjin kaza.
Wannan ke raba wuta, Baba. In ya mutu, da kowa yake tafiya.
Na ce shi za mu saya sabo, a kwalinsa.

Katin hoton na hannu ne.
Sabo ya fi ƙarfinmu, ko tayawa ba mu yi ba.
Abdulƙawi ya rantse mai shi ɗalibi ne, bai wahalar da shi ba.
Na sha jin irin wannan rantsuwa a bakin masu sayar da keke.
Na ce a jona.
Na kara kunne, na rufe ido.
Ba kuka, ba gurnani, ba kaɗawar haƙori.
Na shinshina, ba ƙauri.
Ukasha na jin kunya, yana kallon silin.

Ram sha shida, ba talatin da biyu ba.
Akwati baƙi, makaho, na riyal tamanin.
Da aka buga lissafi, saura ɗari da arba'in.
Akwai kuɗin sabon almakashi a aljihun gabana.
Tsohon zai iya wani wasi.

Ƙarfe ɗayan dare, kan tabarma,
uwarsa riƙe da fitilar waya tana hamma,
ya danna.
Shiru.
Ya sake dannawa. Fuskarsa ta zube,
wata bakwai na soso da bokiti suka taru a idonsa.

Ashe wasu 'yan wayoyi ne, sirara kamar gashi,
kowace da ƙusarta,
hannunsa na rawa ya kasa saka su daidai.
Na ce matsa.
Wanda ke zura zare a allura ba tabarau
ba wannan ne zai gagare shi ba.

Fanka ta motsa.
Allo ya buɗe ido.
Ya yi ihun da ya sa maƙwabci buga bango.

Jiya ya miƙo mini abin tuƙin.
Wata jar mota, wani titi mai lanƙwasa.
Na bugi katanga sau tara.
Ya ce a hankali, Baba, kamar kana bin bakin wuyan riga.

A na goma na wuce kwanar.